Ki Kira Ni Ido Biyu

Zuwa ga Salima, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar rana, ayar Cadawa wadda zaƙinta ba ya fitowa sai an daure an tauna, gwanar barci, sarauniyar musu. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta hana shi sakat, ina kuma gaida Yaya Lami da ta ɓoye mini ke a ɗakinta can Gidan Rumji. Kin kashe waya, kin hana a faɗa mini ko kina cin abinci, shi ya sa na koma ga takarda, na ba ƙanwata Binta ta kawo miki hannu da hannu. In kin ga dama ki yage ta, amma ki karanta tukuna. Na san ki, ba ki iya ganin rubutu ki kau da kai.

Labarin ya iso ni Gazawa tun ban rufe shagon gyaran babura ba, kuma Binta da ke wurin ba ta rage mini komai ba. Tun safe kuna gonar babanki kuna tonon aya, kuna tankaɗe ƙasa da rariya, har bayanku ya ƙage. Bayan azahar kika miƙe ƙarƙashin gawo, barci ya yi gaba da ke. Da lokacin komawa aiki ya yi, Gogo Tala, yayar babanki, ta taɓa miki ƙafa. Kika tashi zaune, ido a buɗe tar, kika jawo ƙwaryar fura, kika miƙa mata ludayi da hannu biyu, kika ce da wata murya mai laushi, "Garzali, sha mana, ka wuni ba ka ci komi ba." Sannan kika koma kika kwanta abinki, kika bar matan unguwa tsaye da rariya a hannu.

Haba Salima, wannan wane irin rashin adalci ne? Tun da na san ki ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ne "yayan Binta", ni ne "mai babura", in kin ji haushina kuma ni ne "kai". Na haƙura, na ce kunya ce, haka uwayenmu suka yi, haka aka tarbiyyantar da ke. Ran da sunan ya tashi fitowa kuwa, ina can hannuna dumu-dumu cikin baƙin mai, sai ga shi ya faɗa kan Gogo Tala, matar da ko gaisuwata ba ta amsawa sai da hanci. Ta samu sunan, ta samu muryar, ta samu furar. Binta ta rantse sai da Gogo ta sha ludayi biyu kafin ta fara salati.

Na yi dariya har da ƙwalla a daren nan, ban ɓoye miki ba, na kuma yi murna irin wadda ban taɓa yi ba. Amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Kin san abin da Gogo ta je ta faɗa wa babanki, Malam Na'Allah: "Wanga ba barci ba ne, kiranye ne. Idonta buɗe ta dube ni, ni da na yi mata wanka tana jinjira, ba ta gane ni ba. Yaron ga ya yi mata aiki." Ni, Salima! Ni da ko layar tsari ba ni da ita, ni da in babur ya ƙi tashi sai dai in kwance shi in duba. Na je na durƙusa gaban Malam na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ya ce ba ya son rantsuwar kowa. Ya ce ran Juma'a, in baffannina sun zo da goron neman aure kamar yadda aka tsara, zai kira ki gaban Gogo ya tambaye ki wanda kike so. Kuma ya ƙara da abin da ya sa kika gudu: wannan karon shiru ba amsa ba ne. Shirun da ke isar kowace budurwa a garinku, a sunkuyar da kai a ce ta yarda, ke ba zai ishe ki ba, don Gogo za ta ce asirin ne ya ɗaure miki baki. In ba ki faɗi suna ba, goron zai koma Gazawa a cikin buhunsa, ni kuma in koma da sunan mai asiri.

Da abin ya dame ni sai na je wurin Hafizu, abokina tun muna lakol, wato makarantar boko, wanda yanzu ke aiki a gidan likita. Ya saurare ni yana murmushi, ya ce wannan magagi ne kawai, kuma gajiya da ƙarancin barci ke kawo shi, musamman in an tada mutum daga barci mai nauyi. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta farkawa gaba ɗaya a lokaci guda. Kamar babban gida take da asuba: wani ɗaki an buɗe har an hura wuta, wani kuma ana ta minshari. Ke ɗakin magana ya buɗe, ɗakin miƙa ludayi ya buɗe, amma ɗakin gane fuska da ɗakin kunya suna kulle. Na ce masa ɗakin kunyar nan naki dama ya daɗe yana gadi ba hutu, in ya ɗan runtsa sau ɗaya ai bai yi laifi ba. Na kuma tambaye shi ko abin da mai magagi ya faɗa gaskiyar zuciyarsa ce. Ya ce shi bai san wannan ba, wani lokaci shirme ne tsagwaronsa, in tambayi mai maganar.

To ga ni ina tambayarki, hasken safiyata. Shirme ne?

Kafin ki amsa, bari in faɗa miki cewa barcin nan bai tsaya kanki ke kaɗai ba. Tun da kika tafi ba na samun na kirki, sai ran nan da rana na kishingiɗa kan benci a shago. Na farka, ko in ce rabina ya farka. Ina ganin kwanon rufi, ina jin ƙarar babura masu zuwa bakin iyaka, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa, ƙirjina kamar an aza masa buhun gero. Dannau ke nan, wanda tun muna yara ake tsorata mu da shi. Sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa, da zanen nan naki mai ruwan ganye. Na yunƙura in kira ki, harshena ya ƙi motsi. Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, ko "Sa" ba ta fito ba. Da abin ya sake ni, na duba ƙofa, ashe tsumman goge hannu ne rataye a ƙusa. Hafizu ya ce in mutum na mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure jikinsa, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, don kada ya tashi ya bi mafarkin da ƙafa. Wani lokaci ido ya riga buɗewa ba a kwance igiyar ba. Kin ga rabon da barci ya yi mana? Ke ya buɗe miki baki a inda kike son ya rufe, ni ya rufe mini a inda nake son ya buɗe. In da asiri a cikin wannan lamari, ki tambayi Gogo, wane irin boka ne zai yi aikin da zai danne mai biyansa?

Kuma kada ki ce wannan ne karonki na farko. Kin tuna ran da muka haɗu a motar Maraɗi, ke da Binta kun sayo kayan ɗinki, ni ina baya da jarkar mai tsakanin ƙafafuna? Ba mu yi nisa ba kanki ya fara rangaji. Can kika zabura, kika damƙe kujerar gabanki har mai ita ya waiwayo, kika ce kin zame daga kan rumbu. Da kika ga ina dariya sai kika gyara kallabi, kika ce ke ba barci kike ba, tunani kike. Tunani da minshari, Salima? A ranar na ce a raina, wannan mai musun ita nake so ta yi ta musu da ni har tsufa. Ban sauka a Gazawa da hankalina duka ba, rabinsa ya sauka Cadawa tare da ke.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Na san yadda kike sunkuyar da kai ko gaban ƙanen babanki, balle shi, balle Gogo na zaune ta kafa miki ido. Na san matan unguwa sun mayar da ke abin hira a bakin rijiya, kuma na ji an ce yara na bin Gogo suna ce mata Garzali, abin da ya ƙara mata wuta. Wallahi da ana karɓar wa mutum kunya, da na karɓar miki ita na yafa har Gidan Rumji na dawo. Ina jin tsoro, ba na ɓoye miki. Ina tsoron ranar ta zo ki zaɓi shiru don a bar ki ki huta, in rasa ki saboda barcin rana guda ƙarƙashin gawo.

Ba na neman dogon bayani, ruwan farkon daminata. Ban ce ki ɗaga kai ba, ban ce ki dubi kowa ba. Ki dawo gida, ki yi barcinki isasshe daren Juma'a, ki wanke fuska da ruwan randa, ki tabbatar duk ɗakunan sun buɗe, har da na kunyar. In Malam ya tambaye ki, ki dubi tabarma in kin so, ki ja mayafi ki rufe fuska in kin so, amma ki faɗi abin da kika faɗa a gona, sau ɗaya tak, ido biyu. Kin riga kin gwada, kin ga bai ƙone miki harshe ba. Bayan nan na yi miki alkawari, ki koma ce mini "kai" har ƙarshen rayuwarmu, ba zan yi ƙorafi ba. In kika yi magagi a ɗakinmu, ni zan karɓi ludayin, kuma ba mai ji a bakina. In dannau ya kama ni, ke za ki taɓa mini ƙafa.

Zan zauna a ƙofar gidanku bayan baffannina sun shiga, ba zan ji abin da za ki ce ba. Karo na biyu ke nan za a kira ni ba na wurin, amma wannan karon na yafe.

Naki a farke, naki a barci, naki a tsakaninsu, muddin ina numfashi. Ban sa sunana a ƙasan takardar nan ba. Na bar miki shi, ki faɗe shi ran Juma'a.