Jinyar da Baba Ya Yi wa Magenki

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya zafin Maiduguri? Mu nan Minna lafiya lau, sai dai magen da kika bar mana ta ba mu tsoro. Gudawa ta kama ta har ta daina cin abinci. Likitan dabbobi ya ce ƙwayar bairos ce ta shiga hanjinta, babu allurar da ke kashe ƙwayar, sai a yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari, a raba ta da sauran maguna.

Kin san wanda ya yi jinyar? Baba, mai korar ta da takalmi. Ya killace ta a zaure, yana ɗura mata ruwan da sirinji, yana wanke wurin da hannunsa, har cin kasuwar Paiko ya fasa. Da Mama ta zolaye shi sai ya ce, "Amanar 'yata ce, kuma ita ma rai gare ta."

Ta warke sarai. Jiya na tarar tana barci a kan dardumarsa, shi kuwa ya koma kan tabarma yana lazimi don kada ya tashe ta.

Ki sa shi a addu'a, Yaya. Ki gaida mutanen gidan duka.

Ƙanwarki,
Maryam