Kunnen Baba a Kan Aksul

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da Auta. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau. Yatsan da jak ɗin ɗaga mota ya matse ya warke, farcen ne dai ya ƙi fitowa. Kada Inna ta ji.

A garejin nan motocin shiga daji muke yi. Mu cire lafiyayyen aksul, ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi, mu sa babba, mu sauya giya don ta ja manyan tayoyi, wai masu su za su je wasa a taɓo ranar hutu. Mu da taɓo ke hana mu fita gari!

Jiya wata ta kama gurnani bayan mun haɗa ta, na'urar oga ta ce ba komai. Na ɗora sukundireba a kan aksul na kara kunne, yadda Baba ya koya mana. Abokan aiki suka yi ta dariya. Na ce haƙoran giya ba su zauna ba. Aka kwance, hakan ne kuwa. Na waiga in ga Baba ya gyaɗa kai, sai bango.

Ka ba shi labarin nan. Ka zauna ta damansa ka ɗaga murya, ta hagun ba ya ji yanzu.

Ƙaninka.