Fatalwar Cikin Fim Tana Kiran Sunan 'Yarta, Ni Na Kasa

Assalamu alaikum Anti Maryam. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya hana ni sukuni, kuma ba na son mutanen garinmu su ji shi daga bakina. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi 'ya'ya biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Kin san yadda shekarun nan suke, taki ya gagara, hatsin rumbu ba ya kai mu damina, wutar lantarki kuwa mun manta da ita. Gida ɗaya ne mai sola da talabijin a unguwarmu, gidan Fadima, ƙanwar maigidana. Duk ranar kasuwa ana turo mata wani fim mai dogon zango da aka fassara da Hausa, mu mata mu taru a ɗakinta bayan la'asar mu kalla.

Anti, ba zan ɓoye miki ba, fim ɗin ya shiga raina. Wani ƙaton tsohon gida ne a kan tsauni, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Ba fitila sai kyandir, ga doguwar matakala, ga wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ke yawo da tarin makullai, ko sau ɗaya ba ta murmushi. In aka saki kiɗan nan sai tsikar jikina ta tashi, in manta babu kayan miya a gida. Labarin wata marainiya ne da ta dawo gidan ubanta, fatalwar uwarta tana bin ta ɗaki ɗaki. Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, wasa ne kawai, amma ko ƙiftawa ba na son yi.

To ga inda matsalar take. 'Yata ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ko a nan ma hannuna ba zai rubuta shi ba. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka na tashi na gani. In ina nemanta sai in ce "ke", ko in aiki ƙannenta. Ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Fadima ce ta yaye ta, ita ta riƙa goya ta.

Ranar da aka nuno fatalwar ta tsaya a saman matakala ta kira sunan yarinyar a hankali, yarinyar kuma maimakon ta gudu sai ta nufe ta, ranar 'yata ta fashe da kuka. Ta kwantar da kai a cinyar Fadima, ita kuma tana shafa bayanta tana kiran sunanta. Ni ina bakin ƙofa kamar baƙuwa. Da aka tashi na ji 'yar tawa tana gaya wa ƙawarta wai yarinyar fim ɗin nan ta more, uwarta ko a kabari ba ta daina kiranta ba.

Wallahi kishi ya kama ni. Ina kishin Fadima, har matar cikin talabijin ina kishinta, matar da ba ta taɓa surfe don cikin kowa ba. Ni ce in tuwo bai kai ba nake cewa na ƙoshi, in tura wa 'yata nawa ta hannun ƙannenta. Sai na hana ta zuwa kallon, na ce yana jawo aljanu, alhali ni kaina ina laɓewa bayan danga in saurari kiɗan. Fadima ta rage gaishe ni. 'Yar tawa kuwa ba ta yi musu ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan kaka za ta tafi Kano makarantar koyon ungozoma. Tsorona kada ta tafi da tunanin ba na sonta, in an yi hutu ta fara sauka gidan gwaggonta. In kuma na kira sunanta yanzu, tsofaffin gidanmu za su ce na zubar da kunya da girmana. Yaya zan yi?

Uwa mai fargaba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Rubutunki ya fita sarai, damuwarki ma ta fita.

Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, da ita aka rene mu. Amma al'adar da ta ja ki baya ita ce ta miƙa wa Fadima goyon, don kada yarinya ta tashi babu cinyar da za ta kwanta. Fadima ba ta ƙwace miki 'ya ba, aikin da aka ba ta ta yi. Ki je ki same ta, ki ba ta haƙuri.

Ita ma yarinyar ki duba nata ɓangaren. Tuwon da kike tura mata, ta san daga tukunya ya fito, ba ta san daga bakinki kika cire ba. Abin da ta faɗa wa ƙawarta ba zagi ba ne, marmari ne. Hanin da kika yi kuwa kuskure ne, tunda kin san ba aljanu kike tsoro ba. Ki janye shi a makon nan. Ku tafi kallon tare, ki bar bakin ƙofa, ki zauna kusa da ita.

Maganar tsofaffi kuma, kunyar nan ta gaban mutane ce, ba farilla ba ce. Ga girbi yana zuwa, za ki samu lokacin da daga ke sai ita, a hanyar gona ko wajen sussuka. Ki gaya mata da bakinki cewa za ki yi kewarta, ki sa mata albarka ido da ido. In sunan ya yi miki nauyi, ki raɗa mata laƙabin da ke kaɗai za ki riƙa kiranta da shi. In kuma harshenki ya iya, ki faɗe shi ko sau ɗaya kafin ta shiga mota. Babu tsohuwar da za ta ji, ita kuwa za ta tafi da shi har Kano.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba ta sa'ar karatu, ya kawo mana sauƙin rayuwa.

Anti Maryam