Zauren Baba Daga Kan Buzu

Titin Bauchi, Jos

Zuwa ga Yaya Badruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Kubra da yara. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi.

Na ji abin da ka ce, wai tun da ɓarin jikinsa ya shanye kuka ɗauke shi zuwa Kano, loma biyu yake yi ya ture kwano, ba shi da zance sai na gidanmu na Gangare. Ga shi wanda ya sayi gidan zai rushe shi ya yi shaguna. To ka kwantar da hankalinka. In Baba ba zai iya zuwa gida ba, ni zan kai masa gidan.

Kar ka yi mini dariyar nan taka. A jami'a an fara koya mana wata manhaja da ake gina abu da ita a shafin intanet, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, mutum ya buɗe a waya ya zagaya shi da yatsa. Abu uku take buƙata: fili, kyamara da haske. Ranar farko na gina akwati, allo ya fito baƙi ƙirin. Na zage kwamfutar ƙawata Hosana tas, ashe fitila ce ban sa ba. Yanzu kam na gane kanta. Na auna ɗakuna, na ɗauki hoton bango, har kasuwar Katako na je wurin Datong kafinta da ya sayi ƙofar zaurenmu, na ɗauko hotonta.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Ummusalma

Zuwa ga Yaya Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Baba.

Saƙonka ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Wai Baba ya kalli wayar ya ce wannan ba gidansa ba ne, ya juya fuska bango. Aikin da har malaminmu ya yaba fa! Na yi kukana na ƙoshi, sannan na tafi gidan, wanda yanzu ba kowa a ciki sai ƙadangaru.

Gajiya ta sa na zauna a ƙasa a zaure, daidai inda Baba ke shimfiɗa buzunsa. Yaya, sai na ga wani gida daban: ƙasan taga, ƙafafun masu wucewa a lungu, ga rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a gabana. Ni kuwa don burga na ɗora kyamarata can sama tana shawagi kamar shirwa, ana kallon kwanon rufi da tsakar gida. Yaushe Baba ya taɓa ganin gidansa daga sama? A kan buzun nan ya yi furfura yana ɗinkin hula.

Na sauko da kyamarar zuwa tsayin idon mutum a zaune, na fuskantar da ita ƙofa, na kawo hasken daga gabas irin na hantsi. Ka sake buɗe shafin ka riƙe masa wayar, kuma don Allah kar ka yi ta juya ta da ƙaton yatsan nan naka. Wannan karon na tabbata.

Taka,
Ummusalma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya mai jiki?

Alhamdu lillahi! Na karanta saƙonka ina dariya ina hawaye. Wato Baba ya daɗe yana kallo, sai ya hau faɗa, wai wa ya bar ƙofa a wangale awakin maƙwabciyarmu Suwaiba su shigo, sannan ya ce a kawo masa tuwonsa nan zaure. Anti Kubra ta ce har sai da ya suɗe kwanon. Ai dama na gaya maka.

Ranar Talata aka rushe gidan. Na tsaya a lungu har bangon zaure ya faɗi, kuma na ji ciwo ƙwarai. Kar ka gaya masa sai ya ƙara ƙarfi.

Amma ka ce masa na ji faɗansa. Na ja ƙofar, na bar ta kaɗan a buɗe yadda yake barinta, don ya riƙa ganin masu wucewa.

Ku huta lafiya.

Ƙanwarka har kullum,
Ummusalma