Alamar 'Yan Koyo a Bayan Motata

Llanidloes,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana Gethin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka Olwen, da fatan gwiwar nan ta sake ka. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Matata Nerys tana fama da ɗinkinta, ruwa kuwa kwana goma sha ɗaya ke nan bai ɗauke ba. Kai da ka gudu Ostareliya ai ka huta.

Yaya, raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro. Ka san kulob ɗinmu na motoci, wanda ni da kai muka kafa a garejin Baba shekara talatin da huɗu da suka wuce. To, ranar Asabar an manna wa motata alamar 'yan koyo, rawayan kwalin nan da muke liƙa wa sabbin shiga don a yi hattara da su. Ni Emrys!

Mun kama hayar tsohon filin jiragen nan na yini guda don tseren motoci kamar kullum, aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe ni na tara mutane na yi musu bayanin da na saba: in kwalta ta jiƙe a bar layin da kowa ke bi, don robar tayoyi ta sa shi santsi, a zagaya ta waje, a taka birki da wuri. Masu sabbin motocin nan da ke yi musu tunani suna ta hamma. A zagaye na huɗu wani Dilwyn, likitan haƙori, ya zame a kwanar ƙarshe ya tsaya a gicciye. Aka ɗaga tutar rawaya don kowa ya rage gudu. Ni kuwa na shigo da guduna, na wuce ta gefensa, da ƙyar tafin hannu zai shiga tsakaninmu, na ƙare cikin ciyawa ina kallon inda na fito.

Ba wanda ya ji ciwo. Amma a rumfar shayi Dilwyn ya yi ta ɗaga murya yana nuna ni, wai tsoho ya ɗauka har yanzu zamanin tuƙi da addu'a ne, wai a haɗa wa Kaka keken guragu mai lambar tsere a huta. Aka yi ta ƙyaƙyatawa, har da waɗanda ni na koya wa riƙon sitiyari. Mai kula da tsaron fili a bana kuwa 'yata Lowri ce. Ta ja ni gefe ta ce doka doka ce, kuma ni na rubuta ta da hannuna: wanda ya raina tuta ya koma ɗan koyo na shekara guda, da malami a gefensa. Wai taurin kaina zai kashe wani wata rana. Da kanta ta manna alamar, ruwa na dukanmu, sai da ta goge wurin da hannun rigarta don ta kama.

Na yi ta masifa, na ce na ga tutar sarai, na kuma ga akwai wurin wucewa. Kowa ya yarda, don sun san halina. Nerys ma ta yi kwana biyu tana fushi da ni.

Yaya, ƙarya na yi. Ban ga tutar ba. Motar Dilwyn ma sai da na zo kanta na gan ta. Tun bazara, in gari ya lumshe, gefen idona na hagu sai ya zama kamar gilashin da ya yi raɓa. Gara su kira ni mai taurin kai, don shi kwali ake liƙa masa ya ci gaba da tuƙi. Wanda ba ya gani kuwa, Lowri ce za ta karɓe masa makulli, kuma tana da gaskiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Akwai wata fitar ranar tara ga Nuwamba, sunana na cikin jeri, na kasa goge shi.

Kai ka yi ta kai Baba asibiti lokacin da nasa idon ya taɓu, ni ina can ina wasa da motoci. Ka gaya mini gaskiya, haka nasa ya fara? Wata nawa ya yi kafin ya daina gane fuskokinmu?

Ka gaida Olwen da ɗanku Rhodri da iyalinsa. Nerys na gaishe ku, amma ba ta san abin da na rubuta ba. Kada ka kira gida, ita ke ɗaukar waya. Ka rubuto, da manyan haruffa.

Ƙaninka,
Emrys