Kafin a Maido Ni Ɗakinka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Sakkwato, Abban Wasila,

Gaisuwa da bege mai yawa. Ran Juma'a nake cika arba'in, za a maido ni unguwar Minanata, ɗakinka. Wace mace ce ba ta ɗokin wannan rana? Ina ɗoki, masoyina, har abinci ba ya shiga. Amma tsoro ya fi ɗokin yawa.

Ka san Inna Hajjo, mai yi mini wankan jego a nan Ƙofar Marke. Ita ce kuma ke wanke gawar mata a unguwar. Jiya da hantsi muna tsakiyar wanka ta ajiye ganyen, ta fara wanke ni daga gefen dama, gaɓa bayan gaɓa, a hankali, bakinta na motsi. Ba ta dubi fuskata ba. Da na kira sunanta sai ta zabura, kamar ba ta zaci zan iya magana ba. Tun lokacin ko turaren da ake mini na dawowa ban son ƙamshinsa.

Kana zaune likita ta ce zuciyata ba za ta sake ɗaukar ciki ba, ba za ta kuma jure aikin ɗaure mahaifa ba. Ƙwaya da allura kuwa sun riga sun ba mu kunya. Ta ce naka aikin ƙarami ne, a ɗaure jijiya, ka tako gida da ƙafarka, kana nan namijinka. Sai ka sunkuyar da kai. Na sani, 'yan majalisarku kake ji, kada abokinka Illo ya ce an dandaƙe ka. Illo da ko gidansa bai iya riƙewa ba! Da ni za a ɗaure, da tuni kowa ya sa albarka.

Ka tuna ranar da muka je Hubbare muna roƙon haihuwa, ƙasa na ƙona ƙafa, ka shimfiɗa mini rawaninka na taka? Allah ya amsa, gida ya cika da 'ya'ya. In na tafi, wa zai riƙe mana su?

Ka je wurin likita, zumata, kafin Juma'a. Ko ka je ko ba ka je ba zan dawo, kuma na san kaina, in ka ƙwanƙwasa ba zan iya hana ka shiga ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Taka ce ni, iya kwanakin da ka bar mini,
Bara'atu