Mai lasar ido ya ce jijiyoyin idon babana tsutsotsi ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Mai gurup a ɓoye sunana don girman Allah. Don Allah ku ba ni shawara, kan abin da na gani da idona.

Ni ina aure a Talata Mafara, iyayena suna Maradun. Babana mahauci ne, tun tasowarmu sana'arsa ke nan. Kwanakin baya wani sa ya buge shi a kai a kasuwa, ya ce ba komai, ya ci gaba da harkarsa. Daga baya ya fara cewa yana ganin walƙiya a idon dama, sai kuma wani baƙin abu kamar labule yana saukowa. Da muka kai shi babban asibiti a Sakkwato likita ya ce tantanin da ke can bayan ido, wanda ake gani da shi, shi ne ya ɓalle daga mazauninsa. Aka yi masa tiyata aka mayar, alhamdulillahi.

Da muka koma dubiya Baba ya yi ƙorafin cewa yana gani amma fuskar mutum dishi-dishi take, kuma bakin ƙofa ma a karkace yake ganinsa. Likita ya sa aka yi masa wani sikanin da ke nuna ƙananan jijiyoyin jini na cikin ido, ya juyo mana da kwamfuta muka gani. Jijiyoyin farare ne sirara kamar saƙar gizo. A idon hagu mai lafiya sun cika fal, a na dama kuwa sun yi ƙaranci, akwai wurare baƙaƙe a tsakani. Ya yi mana bayani cewa lokacin da tantanin ya ɓalle jijiyoyin wurin sun wahala, shi ya sa jini bai wadaci wurin kamar da ba. Ya ce ganin zai iya ƙaruwa a hankali, amma ba zai yi mana alkawarin ya koma yadda yake ba. Ya ja kunnenmu sosai kada a sa komai a idon in ba maganin da ya bayar ba.

Yayana, Yaya Sanusi, ya ɗauki hoton da wayarsa. Ashe maganar likita ba ta yi masa daɗi ba, sai ya kai hoton wurin wani mai magani a wajen Bakura. Mutumin yana dubawa wai ya ce ai waɗannan fararen zaren tsutsotsi ne, baƙaƙen wuraren kuma inda suka riga suka cinye ne, asibiti ba su san wannan ba.

Ranar da ya zo gidanmu na je gaida Inna ne, ban san da zancen ba. Na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba yana kwance, wani mutum ya durƙusa a kansa, bakinsa jawur da goro, faratansa baƙi ƙirin. Ya buɗe idon da aka yi wa tiyata da yatsunsa, ya sa harshe ya lashe, ya sake lashewa, sannan ya tofa a cikin kwano. Ga wasu fararen abubuwa a cikin yawun goron, ya ɗaga kwanon yana nuna wa kowa. Wallahi sai da na fita bayan ɗaki na yi amai. Da na dawo na leƙa kwanon, ni da na tashi cikin nama, na san silin nama in na gan shi. Jijiyar nama ce ya tattauna ya ɓoye a kunci. Abin da ya fi ba ni takaici, Baba ya fi ni sanin wannan, amma idonsa yana rufe yana hawaye, kuma yana son ya warke.

Na faɗa a gaban kowa cewa wannan nama ne. Yaya Sanusi ya yi ta faɗa, wai na ci mutuncin baƙo, wai don na yi karatun sakandare nake ganin na fi kowa. Mutumin ya tattara jakarsa yana cewa ya saba da irin wannan, sai dai a sani tsutsar ta yi ƙwai, kuma ya ga sun fi yawa a idon hagu, zai dawo ya cire su. Jama'a, idon hagun nan shi ne mai lafiya, jijiyoyinsa ne suka cika shi ya sa ya ce sun fi yawa.

Da na zauna da Baba na roƙe shi, ce mini ya yi, "Ke ɗiyata, wanga mutum ya san aikinai, ni na ji sauƙi. Likita ya ce ba ya da tabbas, shi ko wanga ya ce zan warke. In kika kai zancen nan asibiti ban yafe miki ba." Da zan tafi Inna ta biyo ni zaure ta ce mini idon ya yi ja, da safe yana liƙewa da kwantsa, kuma Baba ya daina ɗiga maganin asibiti don mutumin ya ce yana ƙara wa tsutsa ƙarfi.

Maigidana ya ce in cire hannuna, ai Baba yana da ɗa namiji babba, kada in jawo wa kaina bakin uba. Ni kuma ina da lambar nas ɗin da ke kula da mu, kullum sai na ɗauko wayar in ajiye. Mutumin an ce ranar kasuwar Bakura mai zuwa zai dawo, da ya tashi daga kasuwa.

To ku faɗa mini gaskiya. In kira asibiti in faɗi komai in ɗauki fushin mahaifina, ko akwai wata hanyar da zan bi in fitar da shi daga gidan kafin harshen mutumin nan ya taɓa idon da ya rage masa?